Gigin tsufa: a ƙera wa tsoho abin da hannunsa ya sani

Akwai wata tsohuwa a gidanmu, ƙanwar mahaifina ce, shekara uku ke nan da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na ƙasar Tasawa muka kawo ta Maraɗi, domin ta kai inda ba a iya barinta ita kaɗai. A zamaninta ita ake aika wa in za a warware zumunta: wance ɗiyar wane ce, wane ya sha nonon wance, saboda haka aure bai halatta tsakaninsu ba. Iyakar gonakin kakanninmu, da shekarar da aka gina rijiyar gari, da sunan wanda ya fara sauka a unguwarmu, duk a kanta suke. Yau sai ta ci tuwo, a ɗauke akushi, ta tambaya ko ba a ɗora sanwa ba ne a gidan nan. Da la'asar ta yi sai ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta nufi ƙofa, wai za ta gida kada innarta ta yi faɗa, alhali innar tata ta riga mu gidan gaskiya tun kafin a haife ni.

Bara da sallar layya wani ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai ya zo da niyyar alheri. Ya bi dangi ya tara hoton kowa cikin salularsa, irin mai gilashin nan da ake shafawa, ya zauna kusa da ita bisa tabarma. "Kaka, wane ne wannan?" Ta duba, ta yi shiru. Ya shafa, wani hoton ya fito. "To wannan fa, Kaka? Ai kin san shi." Kafin a kai ga hoto na biyar ta ture hannunsa, ta juya fuskarta ga bango, ta ce yaran yanzu ba su da kunya, sun zo suna yi mata tambayar kabari tun tana da rai. Ranar ko furar dare ba ta sha ba. Yaron ya tashi jiki a sanyaye, yana cewa ciwon ya yi nisa, babu sauran abin yi. Ni kuwa tun daga ranar nake ganin ciwon ba shi kaɗai ke da laifi ba. Kayan aikin ma yana da nasa, da yadda aka riƙe shi.

Abin da ke damunta Hausawa sun daɗe da sa masa suna, gigin tsufa, suna ɗaukarsa kamar furfura, abin da ke zuwa da shekaru. Wasu su ce taɓin hankali ne ko sammu, wasu ma su jefi tsohuwa da maita in ta fita da dare tana sambatu. Likitocinmu da Faransanci suke kiransa démence, kalmar da a bakin gama-garin mutane hauka take nufi, abin da bai taimaka ba ko kaɗan. Gaskiyar magana ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho yake kamawa ba, kuma iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, bayan ya bi al'amarin wata mata da aka kawo asibitin Frankfurt a 1901 tana da shekara 51, har ta rasu ya binciki ƙwaƙwalwarta. Wani irin kuma daga toshewar jijiyoyin jini yake zuwa, ɗan uwan hawan jini ne da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ke ɗauke da ciwon a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kowace shekara ana samun sabbi kusan miliyan 10. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi. Wanda Amurka ta amince da shi a 2023 saurin ciwon kawai yake ragewa, shi ma kaɗan, kuma kuɗinsa na shekara guda ya haura dalar Amurka 26,000.

Na san abin da wani zai ce. Ƙasar da kusan rabin mutanenta yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, waɗanda suka kai 65 ba su cika kashi 3 cikin 100 ba, ga masassara, ga tamowa, ina ruwanta da na'urar tsofaffi? Sai dai a tuna cewa a 1960 tsawon ran ɗan Nijar bisa ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Yaran da muke kokowar cetowa daga ƙyanda su ne tsofaffin jibi. Wani rahoto na ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzheimer, wanda ya fito a 2017, ya ƙiyasta masu ciwon a Afirka kudu da Sahara sun haura miliyan 2 a 2015, kuma za su haura miliyan 7 a 2050. Bayan haka, abin da zan roƙa a nan ba mai tsada ba ne. Rabinsa ma yana kasuwa.

Kafin a ɗinka wa mutum takalmi sai an auna ƙafarsa, saboda haka mu fara duba yadda wannan mantuwa take tafiya. Tun 1881 wani masanin Faransa, Théodule Ribot, ya lura cewa in ƙwaƙwalwa ta fara zubewa daga sama take farawa, kamar rumbun da ake ɗiba: hatsin da aka zuba bana shi ke fara tafiya, na ƙasa ya daɗe. Likitocin zamani sun gano dalili. Ciwon Alzheimer ya kan fara cin wani ɗan sashe ne na ƙwaƙwalwa wanda aikinsa ɗaure sabon abu ya zauna. In wannan sashe ya lalace, abin da ya faru da safe ba shi da turken da za a ɗaure shi, amma abin da aka ɗaure shekara hamsin baya yana nan. Bincike ya kuma nuna cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 da 30 na rayuwarsa shi ya fi zama daram. Abin da hannu ya saba kuwa, kamar kaɗi, da tuƙar igiya, da jan tasbaha, da murɗa rediyo, yana cikin na ƙarshen tafiya. Daga nan kowa zai fahimci cewa duk na'urar da sai an koya wa mai wannan ciwo yadda ake aiki da ita, ta faɗi tun ba a kunna ta ba. Lambar sirri, da shafa hagu, da danna nan sau biyu, duk sabon hatsi ne. Ka koya masa da hantsi, kafin azahar ya zube, abin da zai rage masa kawai shi ne jin cewa ya kasa.

Turawa sun yi nisa a wannan fage, kuma ya dace mu dubi abin da suka gwada, da nasararsa da tuntuɓensa, kafin mu kwaikwaya. A ɗakin bincike na kamfanin Microsoft da ke Kambirij, a Ingila, an ƙera wata ƴar na'urar ɗaukar hoto mai suna SenseCam a farkon shekarun 2000. Rataya ta ake yi a wuya kamar laya, ba a danna mata komi. Ita da kanta take ɗaukar hoto wajen kowane rabin minti, ko in haske ya sauya, ko wani ya gitta, har ta tara dubbai a yini. A 2007 aka buga sakamakon gwajin da aka yi tare da asibitin Addenbrooke na garin, da wata mata ƴar shekara 63 wadda wani ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ya bar ta ba ta iya riƙe abin da ya faru ƴan kwanaki baya. In ta yi wata fita ta musamman da na'urar a wuya, aka yi mako biyu ana nuna mata hotunan bayan kowane kwana biyu, sai ta riƙe wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ya gudana, har tsawon watanni. In kuwa rubutaccen labarin fitar aka bi, rabi take riƙewa, kuma ba ya daɗewa. Daga baya an gwada da ƴan tsirarun masu ciwon Alzheimer, nan ma aka ga alamar amfani.

Amma a lura, wanda ke zama da matar yana buɗe hotunan a kwamfuta suna hira a kansu mijinta ne. Ba domin shi ba da hotunan sun zauna cikin na'ura babu mai dubawa. Kuma da aka kai ta kasuwa a 2010 da sunan Vicon Revue, fam 500 ne kuɗinta, abin da ya haura jika 300 na kuɗinmu, kuma daga ita har wadda ta gaje ta an daina ƙera su. Balle a nan: wane magidanci zai yarda wani ya shigo masa gida da abu a wuya yana ɗaukar hoton matansa kowane rabin minti?

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Sikotilan. Daga 2001 masanan jami'ar Dundee da ta St Andrews, cikinsu da Norman Alm da Arlene Astell, suka haɗa wani akwati mai gilashi da suka kira CIRCA. Ba su zuba masa hoton iyalin kowa ba. Abin da ke ciki tsofaffin hotunan gari ne, da titunansa, da masaƙun algarara da Dundee ta yi suna da su, da waƙoƙi da guntayen silima na zamanin ƙuruciyar tsofaffin. Mutum biyu ke zama gabansa, mai ciwo da mai jinya, duk inda yatsa ya sauka wani abu zai fito, babu taɓawar da za a kira kuskure. Da suka kwatanta hotunan iyali da hotunan gama-gari, sakamakon da suka buga a 2010 ya zo da abin da mutane da yawa ba su zata ba. In aka miƙa wa mai ciwo hoton danginsa, sai ya tsaya ga ƙoƙarin faɗin sunaye, wani lokaci ya kasa, magana ta mutu. In kuwa hoton da babu wanda ya sani a ciki aka miƙa masa, na bakin teku ko na wani buki, sai bakinsa ya buɗe, ya kawo labarin kansa, wani lokaci labarin da iyalinsa ma ba su taɓa ji ba.

Dalilin a fili yake. Hoton ɗanka amsa ɗaya gare shi, in ba ka same ta ba ka faɗi a gaban jama'a. Hoton kasuwa kuwa ba ya bin ka bashin wata amsa. Duk abin da ya taso maka daidai ne. Tsoho ko da ya manta sunan ranar da yake ciki bai manta zafin kunyata ba, kuma zafin kan daɗe a zuciya bayan an manta abin da ya jawo shi. Shi ya sa gwaggona ta ƙi furar dare alhali na tabbata kafin magariba ba ta san an nuna mata wani hoto ba.

A wurinmu ma abin ya fi haka tsanani, saboda wani dalili da injiniyan Turai ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Bahaushiyar zamanin gwaggona ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan farinta, ba ta faɗin na surukinta. Ko yaro aka raɗa wa sunan ɗayansu sai ta laƙa masa wani. Hoton farko da yaron nan ya nuna mata kuwa na ɗan farinta ne. Ko da ta gane shi, me za ta ce? Shirun da muka lissafa a mantuwa, mai yiwuwa rabinsa alkunya ce, kuma duk na'urar da za a sa ta riƙa ba da maki bisa faɗin suna ƙarya za ta yi wa iyayenmu mata. Haka ma agogon da ake sayarwa a Turai domin masu wannan ciwo, wanda ke rubuta sunan rana da na wata da manyan baƙaƙe. A ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, tsofaffin mata kuwa sai ɗaiɗai, wa zai karanta? Ita da ranar kasuwa take lissafi, da watan azumi da na cika-ciki, da kiran salla.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan ciwo ji ne ke saura bayan gani ya gaza. A 2015 wasu masana, cikinsu da na cibiyar Max Planck da ke Leipzig, suka nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe tsohuwar waƙa suna cikin waɗanda ciwon Alzheimer ke jinkirin taɓawa. Kafin nan ma wani ma'aikacin jin daɗin jama'a a Amurka, Dan Cohen, ya riga ya shiga gidajen tsofaffi yana zuba wa kowa waƙoƙin ƙuruciyarsa a ƴar na'urar kunne, har aka yi silima a kan aikinsa a 2014. A Sikotilan kuma ƴar jarida Sally Magnusson, wadda ta yi jinyar mahaifiyarta, ta kafa ƙungiya mai irin wannan aiki a 2013. Mu ba sai an zo daga Leipzig an gaya mana ba. Wa bai taɓa ganin dattijon da ya ruɗe da sunayen ƴaƴansa ba, amma da an ja masa farkon surar da ya haddace a makarantar allo sai ya kai ta ƙarshe babu tuntuɓe? Al'ummar da tarihinta a baki yake, tunaninta ta kunne ake buɗe shi.

A Ingila ana sayar da wani akwatin kiɗa da aka ƙera musamman domin su, mai siffar tsohuwar rediyo. A ɗaga murfi kiɗa ya tashi, a rufe ya tsaya. Akwai babban maɓalli guda na sauya waƙa, na ƙara murya kuwa an ɓoye shi a ƙasa, mai jinya ke daidaitawa. Iyakar husa'ar ke nan, kuma a ganina ta fi ta kyamarar Kambirij zurfi, domin mai ƙirar ya yarda ya rage, abin da ke da wuya ga duk mai ilimi.

To, rabin wannan akwati yana nan jibge a babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram da duk kasuwar ƙauye: ƴan rediyon nan na Sin masu cin kart-memwar, da fitila a goshi, wasu har da ɗan farantin rana a baya, a kan ƴan jikkuna kaɗan. Aibinsu shi ne domin samari aka yi su. Maɓallai bakwai ko takwas ne ƙanana kamar ƙwayar wake, duk kamarsu ɗaya, rubutun kansu da Ingilishi. Da ka kunna sai wata mata ta yi maka magana da harshen da ba ka sani ba, abin da ya taɓa sa gwaggona ta yi jifa da rediyon tana neman tsari. Katin kuma a waje yake, yaro na iya zare shi ya kai shago a zuba masa waƙoƙin bana. A haɗa wannan da yanar ido, da nauyin kunne, da rawar hannu, da kaushin yatsun da suka yi shekara sittin suna riƙe hauya, waɗanda gilashin salula sau da yawa ba ya ma jin taɓawarsu.

Abin da ake bukata murɗi ɗaya ne babba, irin na rediyon da, wanda ke yin ƙas in an kunna, domin wannan ƙas ɗin yana hannun duk wanda ya girma kafin zuwan salula. Kati a kulle shi ciki da kusa. In an kashe aka kunna, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Murya ta fita da kauri, jiki ya jure faɗuwa da ƙura, a yi masa maratayi, kuma ya ci daga rana, tun da masu wutar lantarki a ƙasar nan wajen kashi 20 ne cikin 100, galibi a birane. Babu abin da ya fi ƙarfin ɗaliban makarantar husa'a ta Ɗan Kasawa a nan Maraɗi, ko na EMIG a Yamai, ko ma masu gyaran rediyo na bakin kasuwa. Sharaɗi guda zan gindaya musu: kada su gama ƙirar a ɗakin aiki. Su kai ta tsakar gida, su aje gaban tsohuwa ba tare da sun yi bayani ba, su koma gefe su gani. Su kuma saurari matan gida, surukai da ƴaƴa mata, domin su ke wankewa, su ke ciyarwa, su ke tashi tsakar dare in an buɗe ƙofa, kuma su ne ba a taɓa tambaya ba.

Saura abin da za a zuba ciki, kuma a nan ne nake kira ga magabata. Wanda aka haifa a 1950, shekarunsa na 10 zuwa 30 sun faɗa tsakanin 1960 da 1980: samun mulkin kai, da cinikin gyaɗa na zamanin SONARA, da dandalin samariya, da kokowar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, da gogen Ɗan Gurmu, da kiɗan fada na Ma'azu Ɗan Alalo, da Shata da Ɗanƙwairo da ake kamowa daga Kaduna. Yawancin wannan ba ɓata ya yi ba. Tun 1962 ƙungiyoyin radiyo-kulob suke yawo da rakoda suna ɗaukar muryar manoma da makiyaya. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda daga 1974 ta koma CELHTO ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka. Ga taskar IRSH, ga ta Muryar Sahel, ga hotunan gidan tarihi na Bubu Hama. An tara waɗannan domin masu bincike, kuma madalla. Amma waɗanda aka ɗauki muryoyin iyayensu suna nan zaune a zaure, su suka fi kowa bukatarsu, kuma lokacinsu ƙanƙane ne. Da tsohuwar zuma ake magani. A juye su, a rarraba bisa ƙasa da zamani, na Adar daban, na Gobir da Katsinar Maraɗi daban, na Damagaram daban, na Arewa daban, domin tsohuwar Dogondutsi ba za ta motsa da abin da ke motsa ta Matamai ba. Haka kuma a yi wa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. A daidaita haƙƙin magadan mawaƙa, sa'an nan a aje katunan a gidajen likita da gidajen rediyon karkara, waɗanda suka bazu ko'ina tun da aka buɗe na Bankilare a 1999. Kada a manta da sautin da ba waƙa ba: lugude, da guɗa, da hayaniyar kasuwa, da kukan guga a bakin rijiya.

Nasu kason iyali shi ne su yi sammako. A 1960, a zauren UNESCO, Amadu Hampate Ba ya kamanta mutuwar tsoho a Afirka da ƙonewar ɗakin littattafai, kuma mun maimaita maganar har ta gaji. Ba mu kula da ɗakin da gara ke ci a hankali ba, mai shi yana zaune a ƙofa. Da an ga alamar farko, maimaita tambaya, ɓatan hanya a unguwar da aka sani, a kai mutum gidan likita, domin akwai ruɗewar da ke warkewa, wadda ƙarancin wani sinadari ko baƙin ciki ko wani magani ke kawowa. Sa'an nan a fara ɗaukar muryarsa tun yana iya cewa na yarda ko ban yarda ba. Kowace salula tana iya wannan. A bar shi ya yi hira da tsaransa, kada a yi masa tambayoyin alƙali. A ɗauki gaisuwar ɗan da ke Agadas ko Legas ko Libiya, amma ya fara da faɗin ko shi wane ne, kada ya ce a canka.

Akwai kuma inda ya kamata a ja linzami. Ba kowane tuni ne alheri ba: wanda ya binne ƴaƴa a yunwar 1973 ko ta El-Buhari a 1984, waƙar wannan zamani na iya mayar da shi can, ya kwana yana kuka bai san dalili ba. Sai wanda ya san shi ya zaɓa, kuma a riƙa duban fuskarsa. Abin da tsoho ya faɗa cikin ruɗu kada ya zama shaida a rigimar gado ko ta iyakar gona. Kada kuma ya zama abin dariya. Na ga hotuna masu motsi na tsofaffi suna sambatu ana yawo da su a WhatsApp, kuma jikokinsu ne suka ɗauka. Yanzu har akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, kuma ba za a daɗe ba wani zai ce a sa marigayi mijinta ya riƙa yi mata magana domin ta natsu. Ni ban yarda ba. Wadda ba ta iya rarrabe jiya da yau amana ce a hannunmu, kuma sa matacce ya yi mata sallama cin wannan amana ne, ko da ta yi murmushi.

Kada kuma in yi wa kowa alkawarin da ba zai cika ba. A 2018 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi kan jinya ta hanyar tuna baya, da mutum kusan 2,000, suka ce amfanin da aka gani ƙarami ne, kuma ya danganta da wuri da yadda aka yi. Babu akwatin da zai tsayar da ciwon. Abin da yake sayowa rabin awa ne na natsuwa da hira, da sauƙi ga mai jinya.

A gidanmu dai na sayi irin rediyon nan, na liƙe duk maɓallansa da salatif in ban da guda, na liƙe bakin katin. A ciki akwai karatun wani alaramma mai irin muryar mutanen da, da waƙoƙin daka, da hirar ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage cikin ɗakinsu, da na je ƙauye na ɗauko. In la'asar ta yi ta fara ɗaure ƙunshi, sai ƴar autata mai shekara tara ta kawo shi ta aje kusa da ita. Ba ta san sunan yarinyar ba, kishiyata take ce mata, yarinyar kuma ta amsa. Wata rana ba ya aiki, sai dai a bi ta har bakin titi a lallaso ta. Amma ranar wata Juma'a, ƙanwar tata na cikin ba da labarin ginin rijiya, sai ta ɗaga hannu ta ce wa rediyon: "Ke, ba haka aka yi ba, kina goye lokacin." Ta kawo sunan maginin, da garin da aka ɗauko shi, da bijimin da aka yanka ranar da aka cim ma ruwa. Yarinyar ta sheƙo ta kira ni, na iske ƙarshen labarin na ɗauka a salula. Muryar baturiyar nan da ke tashi in an kunna ita ce har yanzu ban san yadda zan kashe ta ba. Na kai wa masu gyara biyu, na uku ya ce in komo bayan kasuwar Litinin.